Kalangun Lantarki a Kotobabi da Darasin Karin Sauti

Duk wanda ya karanci tsarin sautin Hausa ya san cewa ma'anar kalma ba ta ƙarewa a kan baƙi da wasali. Kuka na hawaye karinsa sama-sama ne, kuka ta miya kuwa sama-ƙasa. Wuya na jiki sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna wannan bambanci, ba ya kuma nuna tsawon wasali, don haka kunne ne alƙali. A kan wannan harsashi kalangu ya sami bakin magana: makaɗi yana matse tsarkiya da hammata, fata ta ɗaure, sauti ya hau, ya sassauta, sauti ya sauka. Shekaru da dama ina koyar da wannan a aji da alli da allo, amma bayanin da ya fi shiga kunnen ɗalibaina na samo shi ne daga wata 'yar na'ura da ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

A Kotobabi aka haife ni, unguwar da ke maƙwabtaka da Maamobi da Nima a birnin Ankara na ƙasar Gana. A zangunan nan Hausa ce ke haɗa Badagombe da Bamoshe da Bazabarme da Bakotokole da Bafulatani, kuma kusan kowannensu ya fito daga al'ummar da ke sa ganga magana. Dagomba suna da lunga, wadda makaɗansu ke adana tarihin sarakuna da ita. Akan suna da dondo da atumpan. Duk da haka, wanda ya zagaya bukukuwan aure da na suna a yau zai tarar lasifika da fiyano sun fi yawa a fili. Daga Nima ƙungiyar VIP ta fito ta shigar da Hausar zango cikin kiɗan zamani na Gana. A Kano ma, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna a rubuce-rubucensa, waƙoƙin finafinan Hausa a kan fiyanon Yamaha samfurin PSR suka girma. Ba na ƙyamar fiyano. Abin lura dai shi ne matakala ce mai hawa 12 tsayayyu a kowane zagaye, kuma muryoyin da ke cikinta a masana'anta aka zaɓa. Maganar Bahaushe kuwa tana sulalewa ne a tsakanin matakan.

Ɗan yayata yana gyaran waya a Tiptoe Lane da ke kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Da dare, idan ya koma gida, yakan zauna da ƙarfen dalma da kayan da ya sayo a Zongo Lane, da lasifikun tsofaffin rediyoyi da yake samu wajen 'yan gwangwan. Abin wasansa shi ne allon Arduino Uno, wanda aka fara ƙera danginsa a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai. A kansa akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki mai suna ATmega328P. Ba kwamfuta ba ce irin ta ofis: umarni ɗaya ake rubuta mata, ta yi ta maimaita shi muddin akwai wuta ko batir. Tana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, amma ma'ajiyar aikinta bayit 2,048 ce kacal, wadda ko shafi biyu na rubutu ba za ta ɗauka ba.

Yadda irin wannan na'ura ke haifar da sauti abu ne mai sauƙin fahimta. Sauti girgizar iska ne, kuma yawan girgiza a daƙiƙa shi ke sa kunne ya ji sama ko ƙasa. Na'urar tana aika wa lasifika jerin lambobi, kowace lamba tana gaya wa fatar lasifikar inda za ta tsaya a wannan ƙiftawar. Manhajar Mozzi, wadda masu sha'awar wannan fanni ke amfani da ita kyauta, takan fitar da lambobi 16,384 a daƙiƙa. Ke nan tsakanin lamba da lamba ƙwaƙwalwar tana da bugu 976 ne ko kusa da haka don ta gama dukkan lissafinta. In ta makara, kunne zai ji ƙaraurau. Akwai kuma ƙa'idar da ake dangantawa da Nyquist, wadda ta ce ba a iya fitar da sautin da ya wuce rabin wannan adadi, wato girgiza 8,192. Ga kalangu wannan ya wadatar.

Ƙarancin ma'ajiya shi ke koya wa mai wannan wasa tattali. Amsa-kuwwa, wadda mawaƙan bege da masu lasifikar biki ke ƙauna, ba wani abu ba ce illa a adana sautin da ya wuce, a rage masa ƙarfi, a sake zuba shi a kan na yanzu. A Arduino Uno, ko an ba ta ma'ajiyar gaba ɗaya, jinkirin ba zai wuce kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa ba. Mai son doguwar amsa-kuwwa sai ya koma ga Raspberry Pi Pico, da ya fito a 2021 da ma'ajiya kilobayit 264. Sai dai akwai dabarar da ke mai da ƙarancin ya zama riba. A 1983 Kevin Karplus da Alex Strong suka wallafa hanyar kwaikwayon tsarkiyar da aka fizga: a cika gajeren layi da lambobi barkatai, a riƙa zagaya shi, a kowane zagaye ana haɗa maƙwabta biyu a raba biyu. Hayaniyar sai ta lafa, ta koma sauti mai daɗi da ke mutuwa a hankali. Layi mai lamba 74 yana ba da girgiza kusan 220. Ranar da na fara jin abin, molo da gurmi ne suka faɗo mini a rai.

Da ya ga tsarkiya ta samu, sai ya ce: "Kawu, saura kalangu." Ya haɗa sauti mai bugu da saurin lafawa, ya ɗora masa 'yar hayaniya a farko domin taɓin gula, ya sa maɓalli biyu, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Na ba shi jimlar gwaji: yaro ya tafi kasuwa. Gaɓoɓinta takwas, karinsu sama, ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, sama, sama. Muka kai wa wani dattijo a Maamobi wanda ya yi wa mahauta kiɗa tun yana saurayi. Ya saurara har sau uku, sannan ya dubi yaron ya ce: "Ɗana, gangarka ƙirga take yi, ba ta fara magana ba tukuna." Ya ɗauko nasa kalangun ya buga jimlar, kowa a zauren ya ji ta sarai.

Abubuwa uku ne suka raba bugun dattijon da na na'urar, kuma dukkansu suna cikin darasin da ɗaliban Hausa ke haddacewa don jarrabawa. Na farko tsawon wasali. A jimlar nan ta, fi da su gajeru ne, sauran biyar dogaye, amma na'urar ta ba kowace gaɓa lokaci ɗaya. Na biyu gangarowar sauti. A jimlar bayani, duk karin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauko ƙasa da na saman da ya gabace shi, har na ƙarshe ya kusanci matsayin da karin ƙasa ya fara. Saboda haka sama da ƙasa dangantaka ce tsakanin gaɓa da maƙwabciyarta, kuma maɓalli biyu tsayayyu ba za su iya ɗaukar ta ba. Na uku karin faɗau, wanda ke raba kai na jiki da kai wakilin suna. Wannan sulalewa ce daga sama zuwa ƙasa cikin gaɓa ɗaya, kuma dattijon yana yin ta ne da sakin hammata bayan gula ta riga ta sauka. Yaron ya cire maɓallan, ya sa abin auna matsi a cikin 'yar jakar fata da ake matsewa a hammata, ya bar hannu ɗaya don bugu. Daga nan na'urar ta fara rarrabe kuka da kuka.

Wani abokin aikina ya ce mini wannan ai haƙa wa makaɗa kabari ne. Na ɗauki maganarsa da muhimmanci, domin fiyano ta riga ta raba makaɗa da yawa da abincinsu. Amma abin da na gani ya bambanta. Na'urar ba ta san kirarin kowa ba, ba ta san take ba, ba ta san wanda ya shigo fili ba balle ta sauya bugu dominsa. Yaron da bai taɓa zama gaban makaɗi ba, yanzu kusan kowace Juma'a yana wajen dattijon yana tambaya, domin duk abin da bai fahimta ba ba zai iya rubuta wa na'ura shi ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan kuwa waya da dalma ne suka mai da shi gida.

Saura aikinmu, mu masu nazarin harshe. Yaran da ke wannan wasa da Turanci suke karanta bayanansa, da Hausa suke gardama a kansa, kuma kalmomin fannin ba su zauna ba. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya auna gangarowar sauti a Hausar Nima ya kwatanta da ta Kano ko ta Maraɗi, ko ya naɗi take da kirarin makaɗan zango tare da alamun karinsu, ko ya tattara sunayen da masu gyaran waya da rediyo ke kiran kayan aikinsu. Kayan gwajin ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba, kuma dattawan da suka san amsoshin suna nan da ransu a Maamobi da Sabon Zango da Kumasi. A je a tambaye su tun suna iya ɗaga gula.