Kafin A Kawo Ɗan Kwikwiyo Gida, Wa Zai Wuni Da Shi?



Duk shekara idan Babbar Sallah ta matso, labari ɗaya ne yake yawo a ƙauyukanmu na yankin Ɗambatta, Makoɗa da Kunci: an kwance wa wane rago, an tsallaka dangar su wane cikin dare an tafi da awaki biyu. Kafin masu jaje su watse sai ka ji wani ya ce, "Ai da akwai kare a gidan nan da hakan ba ta faru ba." Mu 'yan kulob ɗin jarida mun sha jin wannan magana a gidajenmu, kuma da yawa daga cikinmu mun taɓa roƙon a bar mu mu kawo ɗan kwikwiyo. Shi ya sa muka zauna muka tattauna batun a tsakaninmu, muka ga ya dace mu liƙa abin da muka cim ma a wannan bango.

Ba mu raina tsoron ɓarawo ba. A wurinmu rago shi ne bankin gida. Akuyar da Inna take kiwo ita ce kayan ɗakin Yaya idan aurenta ya zo, kuma wasunmu sun san cewa kuɗin rajistar jarrabawar WAEC ko NECO ɗinsu yana ɗaure a turke yana cin harawa, ana jiran a kai shi kasuwar Ɗambatta. Wanda aka sace wa irin wannan dabba, wahalar wata shida ko shekara ce ta tafi a dare ɗaya. Kare kuwa yana jin motsin da mutum ba ya ji, haushinsa kaɗai ya isa ya sa ɓarawo ya canja hanya. Wannan duk mun yarda da shi.

Inda muka tsaya shi ne da wani daga cikinmu ya ce mu lissafa inda kowa yake a gidajenmu daga asuba zuwa magariba. Baba, idan damina ce, yana gona tun hantsi bai yi ba. Idan rani ne yana fadama wajen madatsar ruwa ta Tomas yana ban ruwa, ko ya bi motar safe zuwa Kano, kasuwar Dawanau ko Kantin Kwari, sai dare. Wasu iyayenmu ma'aikatan ƙaramar hukuma ne, wasu malaman makaranta. Yayyenmu maza sun tafi cin rani, sai an ga hadari a gabas za su dawo. Mu kuma muna aji har azahar, mu ci abinci a tsaye mu wuce Islamiyya, daga can mu yanko ciyawa ko mu ɗebo ruwa. Ashe gidan da yake son kare saboda dare, da rana ba shi da mai kula da karen.

Ɗan kwikwiyo kuwa kamar jariri yake. Yana bukatar abinci sau 3 ko 4 a rana a watanninsa na farko. Yana bukatar ruwa a kaskonsa kowane lokaci, musamman a watan Afrilu da zafi yake wuce digiri 40 a ƙasar Kano, domin kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Yana bukatar inuwa, da mai cire masa kaska da ƙuma. Abin da ya fi duka shi ne yana bukatar wanda zai koya masa waye na gida waye baƙo, ya kwaɓe shi ranar farko da ya bi kaza, ya saba masa da tumaki tun yana ƙarami. Wannan tarbiyya da rana ake yin ta, kuma idan lokacinta ya wuce da wuya ta yiwu. Sannan kare yana iya yin shekara 10 ko fiye. Ɗalibin da yake aji ɗaya na ƙaramar sakandare yau, zai gama shekara shidansa ya bar garin, karen da ya kawo yana nan yana jiran tuwo.

To mai gidan da ba ya wuni a gida, zaɓi biyu ne ya rage masa: ko ya ɗaure karen, ko ya sake shi. Mun duba kowanne.

Idan ya ɗaure shi, dukkanmu mun san irin karen. Yana gindin bishiya da guntuwar igiya, inuwa ta juya ta bar shi a rana, ya kifar da kaskon ruwansa tun da hantsi, yana kuka har la'asar. Karen da ya wuni a haka ba ya zama mai gadi mai hankali. Yakan zama mai faɗa, ya kasa bambanta ɓarawo da yarinya mai tallan fura ko almajirin da ya zo sallama.

Idan kuma ya sake shi, sai mu tuna irin ƙasar da muke zaune. A darasin labarin ƙasa mun ji cewa kewayen Kano na cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, har wani masani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin yadda muke noma a nan. Mu ba sai an gaya mana ba. Gona tana jikin gona, gida yana kallon gida, dajin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa da zarar an yi shuka ake ɗaure awaki da tumaki a turke, a riƙa kawo musu ciyawa, a tara takinsu a kai gona a mangala. A ƙasar da akuya ma ba a barin ta yawo da damina, ina karen da ba mai kula da shi zai je? Akurkin maƙwabci zai nufa, ko wurin da zabin wata tsohuwa suke ƙwai a cikin gero, ko bayan mahauta ranar kasuwa. Daga nan sai zama gaban mai unguwa da biyan kaza. Gaisuwar da aka shekara talatin ana yi tsakanin gida biyu sai ta yi sanyi saboda dabba.

Wata 'yar kulob ɗinmu ta tuna mana abin da maza suka tsallake. Ta ce ai gidajenmu ba kango suke zama da rana ba, iyayenmu mata suna ciki. Gaskiya ne, amma me suke yi? Suna surfe, suna daka, suna girki, suna tuyar ƙuli-ƙuli ko saƙar tabarma, ga goyo a baya. Kuma su ne masu tukwane da randa da shimfiɗar sallah, su ne za su yi ta wanke-wanke idan kare ya sa baki. Yawancinsu ba sa son ya wuce zaure. Idan yaro ya kawo kwikwiyo ya tafi makaranta, Baba ya ce to ya tafi kasuwa, to Inna aka ɗora wa aikin, alhali ita ce ba a tambaya ba. Mun ga wannan ba adalci ba ne.

Mun kuma waiwayi abin da muka koya a Islamiyya, duk da cewa fatawa ta malamanmu ce. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, littafin da ake karantawa a zaurukanmu har yau, an hana ajiye kare a gida sai domin shuka, ko domin dabbobin da zai raka kiwo ya dawo tare da su, ko domin farautar neman abinci. Hadisan Bukhari da Muslim sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba da irin waɗannan dalilai ba, ladansa yana raguwa kullum. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa mai littafin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron ɓarna, abin da ya sa malamai da yawa suka sauƙaƙa a kan gadi idan da bukata. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, karen da aka ambata a can mai aiki ne, yana tare da makiyayi ko mafarauci ko manomi, ba a bar shi shi kaɗai ba. Haka muke gani wurin Fulanin da suke sauka a gonakinmu bayan kaka, karensu yana bin shanu duk inda suka yi. Kuma hadisan nan biyu kowa ya san su: mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Duk wanda zai ɗaure dabba ya fita tun safe, ya kamata hadisi na biyu ya tsaya masa a rai.

Sai batun da ya fi shafar mu yara, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Karen da yake yawo ba mai lura da shi, shi ne yake faɗa da baƙin karnuka ya kwaso cutar ya kawo gida, kuma ƙannenmu ne masu wasa da shi. Cutar takan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, idan kuwa ta bayyana kusan babu mai tashi. Amma rigakafinta ya daɗe. Tun 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya fara yi wa mutum allurar, shi ya sa ake tunawa da cutar duk ranar 28 ga Satumba, ranar da ya rasu. A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo idan ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa. Amma allura ba ta kai kanta. Sai wani ya bar aikinsa ya nemi malamin dabbobi, ya biya, ya riƙe ranar da za a sake.

Wannan kuma mu riƙe shi ko muna da kare ko ba mu da shi: idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko ƙona gashin karen a sa a ciwon. Kuma kada yaro ya ɓoye don tsoron faɗa.

Ga matsayar da muka tsaya a kai. Kafin a kawo kare gida, a ambaci sunan mutum ɗaya babba da yake wuni a gidan, kuma ya amsa da bakinsa cewa ya ɗauki nauyin. A wasu gidajen gandu akwai irin wannan mutum: Kaka da ya daina zuwa gona yana zaure yana tufkar igiya, ko Kawu mai kiwon shanun huɗa da ba ya nisa da turke. Irin wannan gida zai iya riƙe kare, ya yi masa wuri kusa da dabbobi, ya ware masa kasko, ya yi masa allura, kuma maƙwabta ma su amfana da haushinsa. Gidan da aka zagaya aka rasa wannan suna, ya haƙura tukuna. Ya ɗaga katanga ko ya ƙara wa danga ƙaya, ya mayar da turke cikin gida kusa da ɗakin kwana, ya sa kwaɗo da fitila mai amfani da hasken rana, ya ba da gudummawarsa ga 'yan sintirin unguwa. Waɗannan ba sa jin ƙishirwa idan an tafi kasuwa.

Malamanmu, muna neman afuwa, amma maganar ta shafe ku. Wasunku suna zaune a ɗakin haya nesa da iyali, suna makaranta tun safe, ranar Juma'a su tafi gida sai Lahadi, ga dogon hutu, ga canjin wurin aiki da kan zo ba sallama. Mun san kaɗaici da tsoron a fasa ɗaki ne suke sa a yi sha'awar kare. Amma idan an tafi hutu, ɗalibai ake bar wa, mu kuma kun ga yadda ranarmu take.

'Yan'uwa ɗalibai, mun san daɗin ɗan kwikwiyo, yadda yake biyo mutum yana kaɗa jela. Wanda yake so da gaske, ya fara gwada kansa da abin da yake gida: ya ɗauki nauyin ban ruwa da ciyawar akuya ɗaya har zango guda, ba tare da an tuna masa ko sau ɗaya ba. Idan ya iya, ya je ya sami Inna kafin ya sami Baba. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wanda yake da wani ra'ayi dabam, musamman 'ya'yan mafarauta da makiyaya da suka fi mu sanin kare, ya rubuto ya miƙa wa kulob, za mu liƙa a fitowa ta gaba. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk wani mai rai da yake hannunmu, amin.