Masu makokin da na ƙaga wa Rumawa

A ajin tarihi na faɗa wa ɗalibaina, ba tare da ko ɗar ba, cewa Sarki Agustus na Rum ya hana masu makoki zama a tsakiyar gidan wasan kwaikwayo. Daga littafin marubuci Suwetoniyus na ɗauko, babi na 44 na tarihin Agustus, inda ya kira mutanen da aka hana "pullati". Ɗan abin da na sani na Latin ya nuna mini "toga pulla" mayafin makoki ne, don haka ban ko buɗe ƙamus ba. Har na ƙara da fashin baƙi nawa, wai sarki ba ya son hawaye su ɓata shagali. Ɗalibaina suka rubuta.

Daga baya wani aiki ya kai ni babi na 40. Can Agustus ya tarar da taron jama'a maƙil da "pullati", ransa ya ɓaci, ya umarci jami'an birni kada su bar kowa ya tsaya a dandalin Forum ba tare da toga ba. Na maimaita jimlar, jikina ya yi sanyi. Ta yaya mutanen gari guda za su yi rashi rana ɗaya? Talakawa ne, sanye da tufafin aikinsu.

Rumawa sun rarrabe duhun launi. "Niger" baƙi ne mai sheƙi. "Ater" baƙi ne marar ƙyalli, na mutuwa da musiba, daga shi suka sami "atratus", wanda ya sa baƙi don makoki. "Fuscus" ya karkata ga ƙasa-ƙasa. "Pullus" kuwa toka-toka ne mai duhu, launin ulun da bai ga rini ba, mai araha da ɓoye dauɗa. Ni na tattara su duka na ce baƙi, na ɗora musu jana'izar Turawa da na saba gani a fim. Kowa da ya san kalma ta fuska ɗaya zai iya yin haka.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da na ɓoye wa yaran. Babban mutum a Rum, in ya yi rashi, yakan ajiye farar togarsa ya sauko zuwa launin talaka na ɗan lokaci. Agustus bai kori wannan ba. Waɗanda ya kora daga kujerun tsakiya su ne masu sa wannan launi kullum, don ba su da wani.