Shekara Biyun da Na Cinye wa Ƙanwata

Tun rasuwar mahaifinmu ni ne uba a gidanmu, don haka ni ƙanwata ta fara nuna wa takardar gurbin da ta samu a jami'a. Likitanci ta nema, aka ba ta fannin gashin ƙashi, amma murna take yi. Na dubi takardar na ce, "Tausa za ki shekara biyar kina koya? Sake rubuta JAMB."

Ta ce, "Yaya, ina son sa." Ban saurare ta ba. A ganina asibiti likita ne da nas, saura 'yan rakiya ne. Gaskiyar magana kuma, so nake a ce ƙanwar wane likita ce. Sau biyu ta sake zama jarrabawar, gurbin likitanci bai samu ba, tana gida tana kallon ƙawayenta suna gaba.

Sai Hajiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki. A asibiti na ga likita ya dakata da wani magani har sai da mai ɗaukar hoto ya kawo hoton ƙwaƙwalwa, domin jijiyar da ta toshe da wadda ta fashe ba maganinsu ɗaya ba. Ɗakin gwaje-gwaje ne ya faɗi halin da sukarinta da ƙodarta suke ciki. Da aka sallame ta, wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ce ta yi watanni tana koya mata zama, da tsayuwa, da riƙe cokali. Ranar da Hajiya ta taka da ƙafarta zuwa alwala, kunya ta hana ni haɗa ido da ƙanwata.

Sai a lokacin na tambaya, tambayar da ya kamata in yi tun farko. Ashe ma'aikatan gashin ƙashi sai sun karanci sassan jikin mutum da yadda suke aiki, sun yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan da lasisi suke taɓa majinyaci. Jami'ar Bayero ta Kano ma tsangaya guda ta ware wa irin waɗannan fannoni.

Na nemi gafararta, ta ce, "Ba komai, Yaya." Yanzu tana karatun da ta so, sai dai shekara biyun nan ba ni da hanyar maido mata da su. Duk wanda Allah ya ba riƙon ƙanne ko 'ya'ya, kada ya yanke hukunci a kan fannin da sunansa kawai ya sani. Ya je asibiti ya ga aikin da idonsa, sannan ya saurari mai karatun.