Famfon nan da ke ɗiga a gidanku

Abin na ban mamaki wallahi. Matashi ya iya saita waya har maƙwabta na kawo masa tasu, amma bai san inda ake kulle ruwan gidansu ba. Ni Baba ya nuna min tun ina sakandare, makullin nan na ƙasan tanki.

Famfon da kuka ɗaure wa leda, in yana ɗigo ɗaya duk daƙiƙa, kusan lita 30 yake zubarwa a rana. Ya fi jarkar ɗan garuwa fa, kullum!

In irin na murɗawa ne, galibi 'yar robar ciki ce ta cinye. Kulle ruwan, buɗe famfon ya tsiyaye, kwance kansa da sifana. Tafi da tsohuwar robar shago, kar a haɗa ka da wadda ba girmanta ba.

In kuma ta mahaɗar bututu yake yoyo, farin tef za ka naɗa, ta ɓangaren da ake ɗaurewa, in ba haka ba warwarewa zai yi. Kar ka matse da ƙarfin tsiya, na roba tsagewa yake.

Bango ya fara jiƙa kuwa? Ajiye sifanar, kira mai gyara.