Bangwayen Akra, Daga Jamestown Zuwa Nima

Wanda ya ratsa Jamestown a mota ba abin da zai gani sai tsofaffin gidaje masu tsatsar kwano, da kwatoci, da cunkoson jama'a. Shi ya sa muka sallami mai tasi a bakin babban gidan waya na Akra, muka kama High Street da ƙafa, teku tana hannunmu na hagu. Mai masaukina haifaffen unguwar Nima ne, kakansa fataucin goro ya kai shi Ghana bai koma ba. Tun da safe ya gargaɗe ni: "Malam, ba lokacin biki ka zo ba. Abin da ruwa da gishiri suka rage shi za ka tarar."

Bikin da yake nufi shi ne Chale Wote, wanda ƙungiyar Accra dot Alt ta Mantse Aryeequaye da Sionne Neely ta fara a 2011. A watan Agusta ake yin sa, daidai da lokacin Homowo, bikin kaka na ƙabilar Ga. Sai a rufe titi, masu zane su zo daga ƙasashe daban-daban da gwangwanayen fenti, a wayi gari bangon da jiya yake fari fat ya cika da launi. A 2023 aka mayar da bikin Osu. Zanen kuwa ba a iya ɗauka, nan aka bar shi a bangon masu unguwa.

Ginin farko da ya tare mu shi ne Ussher Fort, wanda Turawan Holan suka gina a 1649. Daga nan zane ya fara fitowa, ba a jere ba, nan ɗaya can ɗaya. Ga fuskar wata mace da tsayinta ya kai rufin gida, an yi mata kwalliya da shuɗi da ruwan ɗorawa, iskar teku ta cinye rabin goshinta har siminti ya bayyana. A ƙarƙashin haɓarta wata tsohuwa ta kafa teburin dokunu, wato tuwon ƙullun masara, da soyayyen kifi, hayaƙin murhunta ya yi wa wuyan zanen baƙi. Na daɗe a gaban wannan bango. Da a ɗakin baje koli aka rataye shi, da an kewaye shi da igiya an hana kowa taɓawa. Nan kuwa an shanya wanki a gefensa, yara suna buga masa ƙwallo, kuma ban ga ya ragu da komai ba. Ni dai a haka ya fi yi mini kyau.

Muka karkata cikin lungun Brazil Lane, inda Brazil House yake. Wannan gida na zuriyar Tabom ne, bayin da suka sami 'yanci a Barazil suka komo Afirka ta Yamma, suka sauka Akra a wajajen 1836. Shekara guda kafin nan, a 1835, bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salvador na Bahia, akasarinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu, kuma bayan an murƙushe boren aka tasa ƙeyar mutane da yawa zuwa Afirka. Da dama daga cikin waɗanda suka sauka a nan Musulmi ne. Sun zo da sana'ar ɗinki da haƙar rijiya, sarakunan Ga suka ba su fili. Bangwayen lungun cike suke da zane, fuskoki da jiragen ruwa da igiyar teku. Gabana ya faɗi da na tuna cewa watakila a nan wani da aka kama yana yaro a ƙasar Hausa ya ƙare kwanakinsa, bayan ya ƙetare teku sau biyu, bai sake ganin garinsu ba.

Gaba kaɗan sai James Fort, na Ingilishi, ginin 1673. Kurkukun bayi ne da farko, daga baya ya zama gidan yari, inda aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951, har ya ci zaɓe yana ciki. Sai 2008 aka daina ajiye fursunoni. Kusa da shi hasumiyar fitilar jiragen ruwa take tsaye, ja da fari, kuma daga gindinta ake hango bakin ruwa.

A nan na ga zanen da ya girmi bikin nesa ba kusa ba. Kwale-kwalen masunta, waɗanda ake sassaƙawa daga gungumen itace guda, kowanne an shafe shi da launi tun daga hanci har wutsiya: tutocin ƙasashe, tambarin ƙungiyoyin ƙwallo, taurari, kifaye, da rubutun addu'a. Mai jirgi ne yake biyan mai fenti daga kuɗin kifinsa, kuma in launi ya kwanta sai ya sake. Haka allunan masu aski, da hotunan mamata da ake mannawa a kowace kusurwa. Masu zanen da suka zo daga waje sun tarar da mutanen da suka riga suka saba magana da bango.

Bukom ta ƙara tabbatar mini da haka. Ƙaramar unguwa ce a bayan titin, amma ita ce gidan dambe a Ghana. A wannan yanki D.K. Poison ya taso, wanda ya fara kawo wa ƙasar kambun duniya a 1975, da Azumah Nelson da ya buge Wilfredo Gomez a 1984, da Ike Quartey. Hotunan 'yan dambe ne a bangon wuraren atisaye, wasu hannu ya fi kai girma, wasu fuskar ba ta yi kama sosai ba, amma launinsu sabo ne garau. Wani yaro da bai fi shekara goma ba ya ja ni ya nuna mini ɗaya, yana kiran sunan zakaran yana dukan iska. Zanen da baƙi suka yi a bakin titi ya fi waɗannan ƙwarewa, babu ja, sai dai yana koɗewa ba mai waiwayarsa. Wanda 'yan unguwa suka san mai shi, shi ake sabuntawa.

Rana ta take, muka hau trotro, ƙananan motocin haya na Akra, muka sauka kusa da gadar Ako Adjei. A 2020 aka ba masu zane ƙafafun gadar da bangwayenta suka ƙawata. Aiki ne mai tsabta, makaɗa da masu rawa da zanen kente, amma an yi shi ne don idon mai mota. Mai ƙafa sai ya yi ta kaucewa motoci kafin ya sami inda zai tsaya. Ba mu jima ba.

Daga can muka taka ta Kanda. Hasumiyoyin Babban Masallacin Ƙasa, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, su suka yi mana jagora har Nima. Da shigarmu kunnena ya huta, don ko'ina Hausa ake yi, ta zango, mai gudu. Mai masaukina ya saki jiki, yana gaisawa da kowa. A Akra an daɗe ana ambaton Nima da talauci da 'yan daba, kuma samarin unguwar sun gaji da wannan suna. Wasunsu suka kafa ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art, suna zane a bango suna koya wa yara. Moh Awudu, ɗaya daga cikin fitattun masu zanen bango a Ghana yau, ɗan Nima ne. Abin da na gani a lungunan ya bambanta da na bakin teku: mata da mayafi, yara da allo, haruffan Larabci da aka lanƙwasa suka zama ado, da gargaɗi kan zubar da shara a kwata.

Bayan la'asar muka zauna a benci wajen wani dattijo mai sayar da carbi da turare, bangon da ke bayansa ɗauke da hoton wata yarinya tana karatu. Tambayar da ke cina tun safe na yi masa.

"Baba, malamai ba su yi magana a kan zanen mai rai ba?"

"Sun yi, ɗana," in ji shi. "Wasu sun ce a bari, wasu sun yi shiru. Ni ma ba zan sa a zana mutum a ɗakina ba. Amma wannan bangon, da can fitsari ake yi a gindinsa. Yaran da suka zana shi a gabana suka girma, na san iyayensu. Tun da suka gama ba wanda ya sake tsugunawa a nan."

Na ce masa a Zariya da Kano da Damagaram magina sun daɗe suna yi wa fuskar gida ado da dagi da zayyana, har da keke da agogo a wasu gidajen, ba tare da siffar mutum ba. Ya ce ya ga irinsa a hoto, kuma da samarin za su koyi wannan da rigimar ta ragu. Mai masaukina bai yarda ba. A ganinsa yarinyar da ke wucewa kullum tana ganin mai kama da ita riƙe da littafi ta sami abin da dagi ba zai ba ta ba. Suka yi ta ja, kowa da hujjarsa, har mai koko ta fito da tukunyarta. Dattijon ya sa aka kawo mana da ƙosai, ya hana mu biya, sannan ya kwatanta mana wani lungu bayan kasuwa inda ya ce yaran suna kan wani sabon aiki, mu yi sauri kafin magariba.