Intanet ɗin da Muka Raba da Maƙwabta

A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da nake karatu a wani gari a tsakiyar Amurka, yawancin gidaje ta layin tarho suke shiga intanet. Iyakar saurin modem kilobit 56 ne a daƙiƙa, shi ma ba kasafai ake kaiwa ba. A gidanmu jinkirin ma bai dame mu kamar toshewar layi ba, domin muddin ina kan kwamfuta, duk wanda ya bugo sai ya ji layi na aiki. A wancan zamani kuwa buga waya daga Kano zuwa ƙasar waje sai an yi tattaki, an kuma biya kuɗi masu kauri. Maiɗakina takan ce, "Baban Amina, don Allah ka sauka daga layin nan, yau Hajiya za ta bugo."

Ana haka sai kamfanonin talabijin na kebul suka fara sayar da intanet ta wayar da ke kawo tashoshi. A 1996 @Home ya fara aiki a Fremont ta Kalifoniya, Road Runner na Time Warner kuma a Akron ta Ohayo. A 1997 aka fitar da ƙa'idar DOCSIS, don modem ɗin kamfanoni daban-daban su iya aiki a kan tsari ɗaya. Kuɗin wata wajen dala 40 ne, ninki biyu na abin da muke biya a da, amma da abin ya iso unguwarmu ban tsaya ciniki ba.

Ma'aikata biyu aka turo. Ɗaya ya hau tsani ya raba wayar da ta shigo gida, reshe guda ga talabijin, guda ga modem. Ɗayan ya kwance bayan kwamfutata da sukudireba ya saka mata katin Ethernet, don yawancin kwamfutocin gida a lokacin ba sa zuwa da shi. Ya buɗe wani shafi, kafin in gyara zama hotuna sun gama fitowa. Ba buga lamba, ba kukan modem, ga tarho kuma ya huta.

Ba a daɗe ba na lura da wani abu. Bayan sallar asuba abin gudu yake yi, amma daga magariba zuwa wajen sha ɗaya na dare sai ya koma rarrafe. Da wani ma'aikaci ya dawo duba layi na tambaye shi dalili, bai ɓoye mini ba. Tun asali an shimfiɗa wayar ne don ta kai hoto gida, ba don ta mayar da saƙo ba. Kowace tasha tana da gurbi mai faɗin megahaz 6, sai aka ware gurbi ɗaya aka ba intanet. Kamfani ya ja wayar gilashi zuwa wani akwati a unguwa, daga nan tsohuwar wayar tagulla ta rarrabu zuwa ɗaruruwan gidaje, kuma dukkanmu a gurbin nan ɗaya muke ɗiba. Tamkar famfon unguwa ne: da sassafe ruwa na tsartuwa, da kowa ya kunna sai ɗigo. Da manhajar Napster ta fito a 1999, samari suka shiga kwasar waƙoƙi dare da rana, cunkoson ya ƙaru. Hanyar aika saƙo waje ta fi ƙunci, har @Home ya ƙayyade ta a kilobit 128.

A ganina ba ƙarya aka yi mana a talla ba, rabin magana aka faɗa. Adadin da ke jikin takarda gaskiya ne, amma na unguwa ne baki ɗaya. Tun daga lokacin, in mai sayarwa ya ce saurin "yana iya kaiwa" kaza, tambayata ta farko ita ce: mu nawa ne a kai?

Tarayyar ba ta tsaya ga sauri ba. Wata rana na buɗe wurin da Windows 98 ke nuna kwamfutocin da ke haɗe da tawa, sai ga sunayen kwamfutocin mutanen da ban sani ba, wasu da manyan fayilolinsu a buɗe, har da firinta. Maƙwabta ne, waɗanda ko gaisuwa ba ta haɗa mu, ga shi ɗakunansu ba ƙofa. Na rufe ban taɓa komai ba, na kashe raba fayil a tawa, na kuma sa mata manhajar tsaro. Kwamfutar da ke kan layi dare da rana tana buƙatar sakata, abin da mai tsohon modem bai cika tunawa da shi ba.

Su ma manyan kamfanonin ba su tsira ba. @Home ya haɗe da Excite a 1999, ya karye a 2001. A farkon Disamba na shekarar, masu hulɗa da AT&T wajen 850,000 da ke kan layin @Home suka wayi gari babu intanet, daga baya adireshin imel na @Home ya mutu, mutane suka yi ta bin 'yan uwa da abokan kasuwanci da sabon adireshi. Tun ganin haka nake raba adireshina da mai sayar mini da layi.

Mu a ƙasarmu ba mu bi ta wannan hanya ba, don talabijin ɗinmu ta eriya da tauraron ɗan'adam ta zo, intanet kuma mafi yawa ta wayar salula. Amma turken sadarwa ma raba shi ake yi tsakanin duk wanda ke kusa da shi. Saboda haka, mai karatu, kafin ka biya kuɗin shekara, ka nemi gwaji a gidanka bayan sallar isha'i, ka kuma aika bidiyo ka gani, kada ka tsaya a saukewa kawai.