Zagin da Ba Ya Gardama

A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara, bayan gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako ta kuma hana sayar da fetur a jarka, duk da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun guzuri. Shinkafi ta yi tsit. Kasuwar da ke tara fatake daga Sakkwato, Katsina da ƙasar Nijar ta zama fili, hanyar Ƙaura Namoda kuwa ba mai hawanta sai da addu'a.

A waɗannan makonni ne wani malamin sakandare a garin ya jawo tsohuwar PlayStation 3 da ya saya tun yana ɗalibi a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, ya haɗa ta da batirin sola. Faifan da ya tarar a ciki shi ne Dragon's Dogma, wasan da kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 2012. Wasa ne irin wanda mai yinsa ke shiga rigar jarumi, ya yi ta tafiya da yaƙi har labari ya ƙare. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne, bayan mutum ya ƙera jaruminsa, sai a ce ya ƙera masa abokin tafiya na dindindin. Wasan na kiran wannan abokin da sunan ƙaramin ɗa a darar Turawa, amma Bahaushe zai fi gane shi a matsayin zagi, mai tafiya gaban dokin ubangidansa.

Malamin ya shafe dare biyu a kan wannan zagi. Ya tsawaita shi, ya rame masa kumatu, ya zaɓa masa murya mai kauri, ya sa masa tabo a gira. Da aka nemi suna, sai ya rubuta sunan taubashinsa, ɗan kawunsa da suka tashi ɗaki ɗaya, wanda 'yan bindiga suka kashe a hanya watanni kafin nan.

Ba shi ya fara irin wannan ba. Tun a Final Fantasy na 1987 mai wasa ke raɗa wa jarumansa huɗu suna. A XCOM: Enemy Unknown, wanda shi ma ya fito a 2012, mutane kan sa wa sojojinsu sunayen 'yan'uwa da abokai, alhali sojan da ya mutu a fagen daga ba ya dawowa. Masu tsara wasanni sun daɗe da gane cewa mutum ba ya wasa da ran abin da ya raɗa wa suna. A gidajen wasan bidiyo na Ƙaura da Gusau ma yara kan ƙera ɗan ƙwallo da kamannin abokinsu su saka shi a Barcelona.

Amma Dragon's Dogma ya zarce suna da kamanni. A farko yana yi wa mai wasa tambayoyi don ya tsara halin zagin: mai kutsawa cikin maƙiya ne, ko mai tsare bayan ubangida, ko mai tsince-tsincen kaya. A masaukan cikin wasan akwai kujerar da ake zaunar da shi a gyara masa ɗabi'a da salon magana. Sannan yana lura da yadda ubangidansa ke yaƙi, halinsa na sauyawa ya bi nasa. Idan akwai intanet, wasu 'yan wasa a ko'ina cikin duniya na iya aronsa, ya dawo da kyauta da sanin hanyoyin da ya bi. A Shinkafi ta wancan lokaci babu intanet, don haka zagin bai da malami sai mutum ɗaya.

Nan ne abin ya fara ɓaci. Marigayin mutum ne mai gaggawa, mai shiga faɗan da ba nasa ba. Malamin kuwa mai taka-tsantsan ne, kullum yana kiran zagin ya dawo kusa da shi. Cikin 'yan makonni zagin ya koyi tsayawa a baya. Fuskar ta mamaci ce, halin na mai rai.

Wata rana da daddare mahaifiyarsa ta leƙo ɗakin, ta ga sunan a allon talabijin. Ta daɗe tana kallo. Ya ce, “Inna, kin gane shi?” Ta ce, “Wanga ba shi na ba. Da shi na, da tuni ya yi maka gardama.” Ta juya ta fita.

Maganarta ta taɓo tambayar da masu tsara wasanni ke fama da ita. Kamfanin Larian na Beljiyam ya bi wata hanya dabam a Baldur's Gate 3 na 2023: abokan tafiyar suna zuwa da tarihinsu da ra'ayinsu, ana iya sauya musu sana'ar yaƙi da makamai, amma suna iya ƙin abin da jarumi ya aikata, har su rabu da shi. Gwargwadon ikon da aka ba mutum a kan abokinsa, gwargwadon yadda abokin ke komawa inuwarsa. Abubakar Imam ya san haka tun a Ruwan Bagaja: da Malam Zurƙe mai biyayya ne, da labarin Alhaji Imam bai yi armashi ba.

A wasan, idan zagi ya faɗi, ubangidansa na taɓa shi ya miƙe. Idan ya ɓace gaba ɗaya, akwai dutsen da ake zuwa a kira shi ya dawo. Malamin ya yi haka sau da yawa, har ya lura cewa kowane tashi na ƙara masa ƙunci.

Bai goge zagin ba. Da aka maido da layukan waya, ya kashe na'urar, ya kira matar marigayin da ta koma gidan iyayenta a Zurmi, ya tambayi ajin da babban yaron yake, da abin da ya rage na kuɗin makaranta.